Yadda Ake Raba Jari da Lissafi: Albasa, Masara ko Ragunan Layya?

Tambayi ɗan kasuwa a Garwa ko Marwa yadda yake tsare jarinsa, zai ce maka ai ya rarraba shi: wani a albasa, wani a masara, wani a gyaɗa. Amma shekarar da kasuwa ta juya baya, sai ka ga duka ukun sun zube a wata guda. Rabon da aka yi da ido ke nan. Kaya uku da ke tashi tare su faɗi tare, a wajen lissafi kaya ɗaya ne, ko da a sito uku aka kulle su.

Wanda ya fara tsara wannan magana da lambobi shi ne Harry Markowitz, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, a 1952, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1990. Hannayen jarin kamfanoni ya yi wa lissafin, amma lissafin babu ruwansa da ko takarda ce ko buhu. Abin da kake buƙata shi ne littafin cinikinka na shekarun baya, biro, da kalkuleta mai alamar √. Farashi da ribar da za ka gani a nan duk na misali ne don a ga yadda aikin yake tafiya. Kai naka za ka sa.

Mataki na 1: Fitar da ribar gaskiya ta kowane kaya

A baki muna ciniki da dala da jaka, mutanen Injamena kuma da riyal, dala da riyal kuwa kowanne sefa 5 ne. A littafi ka rubuta sefa zalla, don kada wata rana ka ninka abu sau 5 ba ka sani ba.

A ce ka sayi buhu 40 na albasa lokacin da ta yi araha, kowane 15,000. Ka biya 600,000. Kuɗin rumfa, 'yan tsinta, dako da mota sun ci 90,000. Abin da ka zuba ya zama 690,000. Kafin farashi ya tashi, ruɓa da bushewa sun cinye kashi 30 cikin 100, buhu 28 suka rage. Ka sayar a 32,000, ka karɓi 896,000.

Riba ita ce 896,000 a cire 690,000, wato 206,000. Raba ta da abin da ka zuba: 206,000 ÷ 690,000 = 0.30, kashi 30% ke nan. A majalisa za a ce farashi ya ninka har da ɗoriya, kuma gaskiya ne, daga 15,000 zuwa 32,000. Amma aljihunka 30% ya gani.

Tun kana nan ka fitar da farashin da za ka mayar da uwar kuɗi: 690,000 ÷ 28 = 24,643. Duk tayin da bai kai wannan ba faɗuwa ce, ko da ya fi farashin da ka saya.

Abu biyu ne ake yawan mantawa. Bashin da ka bayar wanda har yau ba a biya ba, kada ka ƙirga shi cikin kuɗin da ya shigo. Sannan idan kuɗin wata 5 ya yi aiki, sauran wata 7 yana kwance, to ribar shekarar 30% ce. Kada ka ninka ta kana cewa da an juya sau biyu da ta kai 60%, tunda albasar ajiya sau ɗaya take zuwa.

Mataki na 2: Cire abin da naira da hauhawar farashi suka ci

Sefarmu ta ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya tun 1999. Naira ba ta da wannan turken. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sake ta, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki, kafin farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Wanda ya kai kaya Mubi ya bayar bashi da naira a wannan tsakanin ya san abin da ya same shi.

Lissafin ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Ka ci ribar 20% a naira, amma kafin ka canza naira ta faɗi 25% a kan sefa: 1.20 × 0.75 = 0.90. Ka yi asarar 10%. Mai tarawa zai ce 5% ce kawai, ya yi wa kansa ƙarya da rabi.

Hauhawar farashi kuma rabawa ake yi. Ƙa'idar CEMAC ita ce kada ta wuce 3% a shekara, amma a Kamaru ta haura 6% a 2022, ta haura 7% a 2023. Idan jarinka ya ƙaru da 11.4% kuma kaya sun yi tsada da 6%, to 1.114 ÷ 1.06 = 1.051. Ƙaruwar gaskiya 5.1% ce. Akwai gajeriyar hanya ta sanin illar ajiye tsabar kuɗi a akwati: raba 72 da yawan hauhawar. A 6%, shekara 12 ta isa kuɗinka ya rasa rabin ƙarfinsa. Dattawan da suka ga Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya, ba sai an yi musu wannan bayani ba.

Zakka ma tana da layinta: 2.5% idan jari ya kai nisabi ya shekara. Malaman Malikiyya sun bambanta mai juya kaya kullum, wanda yake ƙiyasta hajarsa duk shekara, da mai ajiyewa yana jiran farashi, wanda sai ya sayar yake fitarwa. Ka tambayi malami wanne ne kai, sannan ka sa ta a lissafi.

Mataki na 3: Jera shekaru ka fitar da matsakaici

Ka yi mataki na 1 da na 2 ga kowane kaya, shekara-shekara. A ce na shekara 5 ya fito haka:

Albasa: +40, −20, +55, +10, −10
Masara: +30, −10, +20, +15, −5
Ragunan Layya: +20, +15, 0, −5, +30

Tara kowane layi ka raba da 5. Albasa 15, masara 10, raguna 12.

Da gani albasa ce sarauniya. Dakata tukuna. Ɗauki miliyan ɗaya ka bi ta da ita shekara-shekara: 1.40 × 0.80 × 1.55 × 1.10 × 0.90 = 1.719. Miliyan ta zama 1,719,000. Da a ce 15% take bayarwa kowace shekara ba fashi, da ta haura miliyan 2. Yi wa raguna haka: 1.20 × 1.15 × 1.00 × 0.95 × 1.30 = 1.704. Kusan kunnen doki suka yi, alhali mai albasa ya sha rashin barci sau biyu.

Dalilin shi ne faɗuwa ta fi tashi nauyi. Wanda ya faɗi 20% sai ya ci 25% kafin ya dawo inda yake. Wanda ya faɗi 50% sai ya ci 100%. Shi ya sa matsakaici shi kaɗai ba ya isa, sai an auna yadda ribar take tangal-tangal.

Mataki na 4: Auna tangal-tangal

Ga yadda ake yi, da albasa:

Cire matsakaici, wato 15, daga ribar kowace shekara. Za ka sami 25, −35, 40, −5, −25.
Ninka kowace lamba da kanta: 625, 1,225, 1,600, 25, 625.
Tara su: 4,100.
Raba da yawan shekaru a cire ɗaya, wato 4: 1,025.
Danna √ a kalkuleta: 32.

Wannan 32 ita ce ma'aunin tangal-tangal na albasa. Ma'anarta, a shekarar da ba ta zo da abin mamaki ba, ribarka tana iya kasancewa ko'ina daga 15 − 32 zuwa 15 + 32, wato daga faɗuwar 17% zuwa ribar 47%. Idan ka yi wa sauran, masara za ta ba ka 17, raguna 14.4.

Mai Excel a waya ko kwamfuta ba sai ya wahala ba. A na Faransanci, MOYENNE ke ba da matsakaici, ECARTYPE ke ba da tangal-tangal. A na Ingilishi AVERAGE ne da STDEV. Amma ka yi da hannu ko da sau ɗaya ne, don ka ga yadda shekara guda mai muni take kumbura lambar.

Mataki na 5: Auna ko kayan suna tafiya tare

Nan ne gishirin maganar, kuma nan ne ido yake yaudarar mutum.

Ɗauko tazarar albasa daga matsakaicinta da ka riga ka fitar: 25, −35, 40, −5, −25. Fitar da ta masara, wato a cire 10 daga kowace shekara: 20, −20, 10, 5, −15. Ninka na kowace shekara da takwaransa: 500, 700, 400, −25, 375. Tara, 1,950. Raba da 4, 487.5. Sai ka raba wannan da tangal-tangal ɗin biyun an ninka su, 32 × 17 = 544. Amsa ita ce 0.9.

Wannan ma'auni ba ya wuce +1, ba ya gaza −1. Kusa da +1, kayan suna tashi tare suna faɗi tare. Kusa da sifili, kowa harkar gabansa yake yi. Ƙasa da sifili, idan ɗaya ya sunkuya ɗayan yakan miƙe. Albasa da masara a 0.9, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kuma ba abin mamaki ba ne: dukansu sayen kaka ne ana jiran tsada, dukansu mota ɗaya da hanya ɗaya suke bi zuwa Ngaundere da kudu, kuɗin man dizal ɗaya ne yake hawa kansu, kuma idan kuɗi ya yi wuya a hannun mutane tare suke kwantai.

Yanzu albasa da raguna. Tazarar raguna daga 12 ita ce 8, 3, −12, −17, 18. Ninkawa da ta albasa ya ba da 200, −105, −480, 85, −450. Jimla −750, a raba da 4, −187.5. A raba da 32 × 14.4, wato wajen 461. Amsa −0.4. A Excel sunan wannan COEFFICIENT.CORRELATION, ko CORREL.

Mataki na 6: Gwada rabo iri-iri a takarda kafin ka gwada da kuɗi

Ba sai ka haddace wata doguwar ƙa'ida ba. Ka zaɓi rabo, ka fitar da abin da zai ba ka a kowace shekara, sannan ka maimaita mataki na 3 da na 4 a kan sabon layin.

Rabi albasa rabi masara: +35, −15, +37.5, +12.5, −7.5. Matsakaici 12.5, tangal-tangal 23.9.
Rabi albasa rabi raguna: +30, −2.5, +27.5, +2.5, +10. Matsakaici 13.5, tangal-tangal 14.6.
Albasa 25, raguna 75: +25, +6.25, +13.75, −1.25, +20. Matsakaici 12.75, tangal-tangal 10.5.

Dubi layin ƙarshe da kyau. Raguna zalla suna da tangal-tangal 14.4 da riba 12. Ka zuba musu rubu'i na albasa, kayan da ya fi kowanne haɗari, sai tangal-tangal ya sauko zuwa 10.5, riba kuma ta hau zuwa 12.75. Haɗari ya ragu saboda an ƙara abu mai haɗari. Wannan shi ne abin da Markowitz ya nuna, kuma ba ya faruwa sai kayan ba sa tafiya tare. Haɗin albasa da masara bai yi maka wannan aikin ba, shekarar faɗuwa har yanzu 15% take ci.

Bi da miliyan ɗaya ta layin rabi albasa rabi raguna, kana mayar da rabon daidai duk shekara: 1.30 × 0.975 × 1.275 × 1.025 × 1.10 = 1.822. Ya fi albasa zalla mai 1.719, ya fi raguna zalla mai 1.704.

Idan kana son lamba ɗaya da za ka jera rabon da ita, akwai ma'aunin da William Sharpe ya kawo a 1966: cire abin da za ka samu ba tare da kasada ba daga matsakaicin riba, ka raba da tangal-tangal. Mutanen banki ruwan takardun baitulmali suke cirewa. Ni na fi son a cire hauhawar farashi, tunda ita ce dole sai jari ya tsere mata. Da 6%: albasa 9 ÷ 32 = 0.28, raguna 6 ÷ 14.4 = 0.42, rabi da rabi 7.5 ÷ 14.6 = 0.51, sai 25 da 75 ya ba da 6.75 ÷ 10.5 = 0.64. Wanda ya fi girma shi ya fi biyanka a kan kowace kasada da ka ɗauka.

Mataki na 7: Yanke iyakar faɗuwar da za ka iya ɗauka

Lissafi ba zai faɗa maka nawa zuciyarka da gidanka za su jure ba. Kai za ka faɗa masa.

A ce jarinka 3,000,000 ne. Fara da ware cefanen gida, kuɗin makaranta da na asibiti na wata 6, a ce 600,000, ka ajiye inda za ka ɗauka yau-yau, banki ko asusun waya. Hauhawar farashi za ta ɗan lashe shi, amma shi ne zai hana ka karyar da albasa a watan da ba ta da daraja saboda yaro ba shi da lafiya. Saura 2,400,000. Ka yanke cewa faɗuwar da ta wuce 10%, wato 240,000, za ta karya ka.

Sai ka ƙiyasta mummunar shekara: matsakaici a cire tangal-tangal sau biyu. Albasa zalla, 15 − 64 = −49%, kusan rabin jari. Rabi da rabi, 13.5 − 29.2 = −15.7%, wajen 377,000, ya wuce iyakarka. Albasa 25 raguna 75, 12.75 − 21 = −8.25%, wato 198,000, yana ciki. Idan ka ci gaba da gwadawa za ka ga albasa tana iya kaiwa wajen kashi 35 kafin ka taɓa iyakar. To a ce ka tsaya a 30 da 70: albasa 720,000, raguna 1,680,000.

Sai dai kada ka rungumi waɗannan lambobi kamar aya. Shekara 5 kaɗan ce, shekara guda tana iya juya −0.4 ta koma sifili. Sannan akwai ranakun da komai yake faɗi tare ko da littafi ya ce ba sa tafiya tare. Lokacin da rikicin Boko Haram ya kashe hanyar Banki da Amchide da ta Gambaru da Fotokol a 2014, bai tambayi mai shanu ko mai hatsi ba. Haka rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, haka ambaliyar 2024 da ta mamaye Yagwa da kewaye. Don haka ka ƙara gwaji ɗaya na hannu: ɗauki mafi munin shekarar kowane kaya ka haɗa su a shekara guda, har ka ƙara musu. Idan albasa ta faɗi 40% raguna suka faɗi 15%, asararka 288,000 da 252,000 ce, jimla 540,000. Idan ka duba ka ga bayan wannan ba za ka iya sake shiga kasuwa ba, ka rage abin da ke waje ka ƙara na ajiya.

Raguna kuma suna da nasu sirrin da ba ya fitowa a jadawali. Layya tana matsowa baya da wajen kwana 11 duk shekara. A 2016 cikin Satumba aka yi ta, ciyawa ko'ina. A 2025 farkon Yuni ta faɗo, kiwon duka ya kasance cikin bazara, lokacin da harawa, dusa da ƙulin auduga suke tsada. Ribar ragon damina ba ita ce ta ragon bazara ba, saboda haka shekarun kusa sun fi na nesa amfani a layin raguna.

Mataki na 8: Idan kana son ƙara takardu a ciki

Kasuwar hannayen jari ta yankinmu, BVMAC, tana Duwala tun haɗewar 2019, hukumar COSUMAF ce ke sa mata ido daga Libarbil. Kamfanonin da ke cikinta 'yan ƙalilan ne, irin su SOCAPALM da SAFACAM masu manja, da SEMC, ciniki kuma ba ya gudu, kana iya neman mai saye ka jira. Gwamnatocin Kamaru da Chadi suna sayar da takardun bashi ta hannun BEAC, babban bankin yankinmu, gajeru na mako 13, 26 da 52, da dogaye na shekara 2 zuwa sama. Waɗannan ruwa suke biya, kuma da yawa daga cikinmu ba sa taɓa su saboda kuɗin ruwa ne da shari'a ta hana. Duk wanda ka zaɓa, layi ɗaya za ka ƙara masa a jadawali ka bi da shi ta matakan nan. Amfaninsa shi ne manjan kudu ba ruwansa da ruɓar albasar Marwa.

Mataki na 9: Mayar da rabo inda yake

A ce shekara ta yi kyau, albasa ta ba da 55%, raguna suka tashi ba riba ba faɗuwa. Albasa ta zama 1,116,000, raguna suna nan 1,680,000, jimla 2,796,000. Kason albasa ya koma kashi 40 ba tare da ka yi niyya ba. Kashi 30 na sabuwar jimlar 838,800 ne, saboda haka 277,200 za su bar albasa su koma raguna.

Wannan shi ne matakin da ya fi ɗaci, don zuciya cewa take a ƙara wa abin da ya kawo kuɗi, abokai a kasuwa ma haka za su ce. Kuma a shekarar ne kowa yake ruguwa ajiyar albasa, rumfuna su cika, farashin baɗi ya kwanta. Ka sa wa kanka doka a rubuce: idan kaso ya kauce da maki 5 sama ko ƙasa, a gyara, idan bai kai ba a bar shi, don gyaran ma yana cin la'ada da dako. Ka tsayar da lokaci ɗaya a shekara da kuɗin ɓangarorin biyu yake hannunka ko ka san adadinsa, misali makon da ke bayan Layya. A ranar ka ƙara layin sabuwar shekara a jadawali, ka sake fitar da matsakaici, tangal-tangal da tafiya tare, sannan ka yanke buhu nawa da rago nawa za ka saya.